Mas'alar Karɓo Amsa Daga Ajiyayyen Umurni a Rumbunan Bayanai Mabambanta

Daga cikin mas'alolin da suka daɗe suna wahalar da masu tsara manhaja, waɗanda matashin Tanut ko Belbeji zai ci karo da su ranar da aka ɗora masa rubuta manhajar lissafin bankin hatsi, alhali bai san irin rumbun bayanan da za ta hau kansa a Damagaram ko Yamai ba, akwai mas'alar karɓo amsa daga ajiyayyen umurni. Shi wannan umurni jerin ayyuka ne da ake rubutawa cikin rumbun kansa, a kira shi da sunansa, a miƙa masa alƙaluma ta wasu gurabe, shi kuma ya mayar da amsa ta gurbin da aka keɓe, kamar adadin buhunan geron da suka rage bayan fitar na yau.

A zahiri al'amarin yana da ƙa'ida, domin hanyoyin sada manhaja da rumbu, wato ODBC, wadda Microsoft ta fitar a 1992, da JDBC ta harshen Java, wadda ta biyo baya a 1997, sun yi ittifaƙi a kan siga guda ta kira, bisa sharaɗin mai kira ya bayyana tun farko wane gurbi ne na amsa da nau'in abin da zai zo cikinsa. Sai dai ittifaƙin a lafazi ya tsaya, saɓani kuwa yana cikin aiki. Rumbun SQL Server ba ya aiko da amsar sai bayan ya gama zubo dukkan layukan sakamako, ta yadda wanda ya yi gaggawar leƙa gurbin zai iya tarar da shi fanko, ba tare da wani gargaɗi ba. Wannan kuwa, a ganina, shi ne mafi munin aibi, domin kuskuren da bai yi kuka ba yakan kwana cikin littafin lissafi har ya zama hujja. MySQL bai sami irin wannan umurni ba sai a 2005, kuma wasu daga cikin masu sada shi da harshen Python sukan bar amsar a ma'ajiyar wucin gadi, sai an sake tambaya ta biyu. PostgreSQL ya jinkirta har 2018, gurbin amsa zalla kuwa sai 2021. Shi SQLite, wanda ke cikin wayoyin hannu, wanda kuma ya fi dacewa da ƙauyukan Damargu inda intanet ke yankewa, sam ba shi da wannan babi.

Saboda haka ra'ayin da na fi rinjayarwa shi ne a roƙi umurnin ya mayar da amsarsa a matsayin layi guda na sakamako, irin wanda kowace tambaya ke mayarwa, tun da karanta layi abu ne da kusan babu saɓani a kansa. Ko wannan ma yana da togaciya, domin Oracle bai sauƙaƙa shi ba sai a 2013, kafin nan dole layukan su biyo ta gurbin amsa. Wanda larura ta tilasta masa aiki da gurabe, to ya karance layuka kakaf kafin ya taɓa su, ya tattara abin da ya keɓanta da kowane rumbu a waje ɗaya cikin manhajarsa, kuma kada ya shaida cewa ta dace da wani rumbu sai ya jarraba ta a kansa.