Jinjina ga Masu Gyaran Kwamfuta na Maiduguri

Haƙiƙa, daga cikin ma'abota sana'a da Allah Ya albarkaci birnin Maiduguri da su, waɗanda kuma ba a cika ambaton falalarsu ba, akwai samarin nan masu gyaran kwamfuta, da ɗaliban Jami'ar Maiduguri da ma'aikatan ofisoshi ke kai wa injunansu 'yan gwanjo idan sun ƙi aiki.

Dalilin wannan yabo shi ne, duk katin da aka soka a ramin PCI, wanda kamfanin Intel ya ƙago a 1992, ko na magajinsa PCI Express, na hoto ne ko na sauti ko na intanet, ba ya amfanar kowa sai an samo masa direba, ƙaramar manhajar da ke yi masa tafinta a gaban Windows. Sai ka ga gwani ya busa ƙurar hunturu daga ramin, ya goge haƙoran katin, sa'an nan ya buɗe Device Manager, ya bi alamar nan mai ruwan ɗorawa har ya karanto lambar maƙerin: in 10EC ya gani, Realtek ke nan, in kuwa 8086 ce, Intel ne. Mushkila mafi tsanani ita ce ta katin intanet, domin shi da zai sauko da direba shi ne ba shi da direban, saboda haka kowane mai gyara yake tattalin taskarsa ta direbobi a cikin filas, yana kuma ara wa maƙwabcinsa ba tare da rowa ba.

Ko a 2021, lokacin da aka rusa turakun lantarki, gari ya shafe watanni cikin duhu, da janareta suka ci gaba da wannan hidima cikin haƙuri da amana. Allah Ya saka musu da alheri.