Waƙar Yaƙi a Bakin Mai Jinya: Nazari kan Walt Whitman

Tun fil azal aikin waƙar yaƙi zuga ne: ta wasa jarumi, ta kambama tuta, ta mantar da matashi tsoron mutuwa. Da irin wannan murya mawaƙin Amurka Walt Whitman ya tarbi yaƙin basasar da ya ɓarke a 1861 tsakanin jihohin Arewa da na Kudu a kan bauta, amma muryar ba ta ɗore ba. A Disambar 1862 ya tafi fagen daga na Fredericksburg neman ƙanensa George da aka ji wa rauni, daga nan ya zarce Washington, inda ya shafe shekaru yana zagaya asibitocin soja, yana rubuta wa majinyata wasiƙu, yana zama da masu gargarar mutuwa. Littafinsa Drum-Taps na 1865 ya nuna sauyin ƙarara. Waƙoƙin farko kiran fita fagen daga ne, na baya kuwa suna maganar gado da rauni da gawa, har da gawar abokin gaba, wanda ya kalla a matsayin ɗan Adam irinsa. A nan darajarsa take: ya mai da waƙar yaƙi shaidar ido.

Wani zai ce wanda bai taɓa riƙe bindiga ba, ina ya san yaƙi? Amsa tana cikin alƙaluma. Sojoji fiye da 600,000 ne suka mutu, kuma kusan kashi biyu cikin uku cuta ce ta kashe su. Ke nan wanda ya zauna a asibiti ya ga inda yaƙin ya fi cin rai.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Whitman ya ga kasuwar bayi a New Orleans a 1848, kuma a littafinsa Leaves of Grass na 1855 ya siffanta bawan da ya gudu cikin tausayi. Duk da haka, a siyasance abin da ya fi ba wa ƙarfi shi ne hana bauta yaɗuwa zuwa sababbin yankuna, galibi don kare ma'aikata fararen fata. Drum-Taps kuwa kusan ya yi gum a kan bayi kimanin miliyan 4 da kuma baƙaƙen sojoji kusan 180,000 da suka yi wa Arewa yaƙi. Wannan aibi ne da ba ya ɓoyuwa, amma yana ƙara tabbatar da hujjar. Inda ya matsa kusa ya duba, waƙarsa ta faɗi gaskiya. Inda ɗokin haɗin kan ƙasa ya kawar masa da kai, ta gaza.

Saboda haka mai nazarin waƙar yaƙi ya riƙa tambaya biyu: me mawaƙi ya gani da idonsa, kuma wa ya bari a waje? Whitman ya ci ta farko, ya faɗi ta biyu.