Jami'ar Cikin Littafi da Jami'ar da Muke Ciki

Duk wanda ya karanta Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa zai tuna cewa tambayar ɗalibi ce ta buɗe labarin. Malam yana zaune cikin almajiransa, sai ɗaya daga cikinsu ya nemi sanin asalinsa da ƙasar da ya fito, daga nan Shaihu ya kama ba da labari har ƙarshen littafi. Wato tun 1934 ƙagaggen labarin Hausa ya san darajar tambayar mai neman ilmi. Abin da ya sa na ɗauko wannan misali shi ne, ni ma tambayoyi ne suka jawo wannan ɗan sharhi, sai dai masu tambayar ba su dace da wani Shaihu ba, ni suka samu.

A hutun da ya wuce na je gida na tarar ƙanwata, 'yar kawuna, ta ci jarrabawar JAMB, kuma an ba ta gurbin karatu a jami'ar nan tamu. Tun ban ajiye jaka ba aka sa ni a tsakiya. Ita dai cewa take, "Yaya, wai gaskiya ne a jami'a ba mai tambayar mutum inda za shi? Wai gaskiya ne lakcarori kan auri ɗalibansu? Kaya kala nawa zan ɗinka don kada a raina ni?" Inna, wato mahaifiyarta, sai ta ja ni gefe ta ce, "Ɗan nan, tsakaninka da Allah, yarinya takan shiga wurin nan ta fito da mutuncinta?" Kawu kuwa tambayarsa biyu ce rak: nawa za a kashe, kuma yaushe za a gama.

Na amsa abin da na iya. Amma da na kwanta ina juya maganar, sai na ga ashe tambayoyin 'yar da na uwar daga rijiya ɗaya aka ɗebo su. Ba wadda ta taɓa taka harabar jami'a a cikinsu. Ita yarinyar ta san jami'a ne daga littattafan soyayya da take karantawa a waya, Inna kuma daga finafinai da labaran da ake karantawa a rediyo. Abin da ya ba 'yar sha'awa shi ne ya ba uwar tsoro. Kawu kaɗai, wanda bai taɓa buɗe littafin soyayya ba, shi ya yi tambayar da mu da muke ciki muke kwana muna tashi da ita. Maƙasudina a nan shi ne in duba irin hoton jami'a da adabinmu ya zana wa jama'a, tun da na ga da idona cewa da wannan hoto iyaye suke yanke shawarar ko 'yarsu za ta tafi ko za ta zauna.

Bari mu fara da rubutacciyar waƙa, don ita ce babba. Mu'azu Haɗeja ya yi "Ilmin Zamani", Alhaji Aƙilu Aliyu kuma ya yi "Kadaura Babbar Inuwa", dukansu suna kiran jama'a zuwa ga ilmi. Ba ni da bakin da zan soki waɗannan magabata. Mu'azu ya rasu a 1958, shekara huɗu kafin a buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma a zamaninsa aikin da ke gaban mawaƙi shi ne ya shawo kan uban da ke ɓoye ɗansa don kada a kai shi boko. Mai irin wannan aiki dole ya nuna ilmi a matsayin inuwa mai sanyi, ba zai tsaya lissafa ƙayoyin da ke hanyar zuwa gindin bishiyar ba. Ƙorafina yana kanmu ne, mu da muka zo bayan shekara sittin da 'yan kai, muka shigo cikin inuwar, muka ga tururuwar da ke ciki, amma in muka ɗauki alƙalami sai mu sake cewa ilmi fitila ne, jahilci duhu ne. Wa ya musa?

A wasan kwaikwayo da zube an matso kusa kaɗan. Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, wanda ya fito a 1979, ya nuna yadda mai kuɗi yake yaudarar 'yar makaranta ya lalata mata rayuwa. Wannan shi ne tsoron Inna, an zuba shi a kan dandamali. Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat Yakubu, na 1990, ya ɗauki ɗaya ɓangaren, ya nuna asarar da ake yi in an cire yarinya daga makaranta aka aurar da ita dole, da yadda ilmi ya ɗaga ta daga baya. Littattafan nan biyu sun yi aikinsu, kuma har yau da sauran ƙarfinsu. Amma mai karatu zai lura cewa dukansu a bakin ƙofa suka tsaya. Jigonsu shi ne a bar ta ta shiga ko kada a bar ta. Yadda zaman yake bayan an shiga, ba shi ne damuwarsu ba.

Waɗanda suka shiga da mu ciki su ne marubutan littattafan soyayya, irin waɗanda Ibrahim Malumfashi ya raɗa wa suna Adabin Kasuwar Kano, da magadansu na yau masu rubutu a waya. To, wace irin jami'a suka nuna mana? A yawancin waɗanda na karanta, jami'a wuri ce mai furanni da inuwa da wurin ajiye motoci. Direba ya sauke tauraruwa, littattafanta su zube, wani kyakkyawan saurayi ya sunkuya ya tsince mata. Lacca ba a shigarta, fitowa kawai ake yi daga cikinta. Ba a layi, ba a neman kujera, ba wanda ya taɓa zama a kan taga don ɗakin da aka gina domin mutum ɗari biyu ya ɗauki ninkin haka. Shekara huɗu sukan wuce cikin layi guda, kwanci tashi ba wuya, sai ga ta ta fito da digiri mai daraja ta ɗaya, alhali ba mu taɓa ganin ta riƙe da littafi da dare ba. In kuwa marubucin mai wa'azi ne, sai ya juya hoton: ga mugayen ƙawaye, ga shaye-shaye, ga yarinyar ƙauye ta watsar da tarbiyya cikin wata uku. Furannin dai suna nan, motocin ma suna nan, hukuncin ne kawai ya sake.

Adalci ya sa in faɗi uzurinsu, don suna da shi. Labarin soyayya yana bukatar wurin da saurayi da budurwa za su haɗu ba da idon iyaye ba. Da can dandali ne ko hanyar rafi, yau kuma ba inda ya fi jami'a dacewa. Saboda haka marubucin bai zo jami'a don jami'a ba, aron fili ya yi. Bugu da ƙari, sun yi wani alheri da ba a cika yaba musu ba. Marubuta irin su Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa sun cika littattafansu da mata masu zurfin ilmi da aikin yi, waɗanda kuma ba su rasa miji ba saboda haka, har 'yan mata da yawa suka fara ganin digiri abu ne da ya halatta su yi burinsa. Ƙanwata tana cikinsu. Ba don waɗannan littattafai ba, watakila da ba ta nace ta rubuta JAMB sau biyu ba.

Amma uzuri ba ya hana a faɗi asara, kuma asarar ta fasaha ce kafin ta zama ta tarbiyya. Masana tarke sun koya mana cewa labari ba ya tafiya sai da cikas, wato abin da ya tsaya tsakanin tauraro da bukatarsa. Marubutanmu sukan tafi nesa su ɗauko cikas: muguwar kishiyar uwa, boka, hatsarin mota, gadon da aka ɓoye. Ga shi kuwa jami'a cike take da cikas na gaske, sun tsallake shi.

A ɗauki tambayar Kawu ta biyu, yaushe za a gama. A 2020, shekarar da annobar korona ta rufe makarantu, malaman jami'o'in gwamnati sun yi yajin aiki na wata tara. A 2022 suka sake yin wani, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cif. A yi tunanin yarinyar da ubanta ya yi wa manemi alkawarin shekara huɗu, aka shiga ta shida ba ta gama ba, manemi ya ƙosa, 'yan unguwa sun fara magana. A yi tunanin saurayin da ya koma gida ya kama tuƙin adaidaita sahu, kuɗi suka fara shigowa, ranar da aka janye yajin aiki ya tsaya yana tambayar kansa ko komawar tana da amfani. Wane boka ne zai raba masoya fiye da wannan?

Ko kuma a ɗauki lissafin maki, abin da kowane jambito yake tambaya a makonsa na farko, kowane ɗan ajin ƙarshe kuma yake mafarkinsa. A tsarin maki biyar da yawancin jami'o'inmu suke bi, wanda ya ci 70 zuwa sama a kwas ya sami biyar, 60 zuwa 69 huɗu, 50 zuwa 59 uku, haka har ƙasa. Sai a ninka da nauyin kowane kwas, a haɗa, a raba, tun daga zangon farko har na ƙarshe. Mai 4.50 ya sami daraja ta ɗaya. Mai 3.50 ya sami babbar daraja ta biyu, mai 3.49 kuwa ƙaramar, kuma wurare da yawa na aiki da na ƙaro ilmi a kan wannan ɗan siririn layi suke tankaɗe mutane. Ma'ana, wasan da yaro ya yi a ajin farko, lokacin da yake ɗokin ba mai tambayar sa inda za shi, zai bi shi har ranar ƙarshe. Mutumin da ya tsaya gaban allon sanarwa ya ga 3.49, ya tuna wata jarrabawa guda da ya shiga da zazzaɓi shekara uku da suka wuce, ai wannan tauraron littafi ne sukutum. Ni kaina na yi mako uku ina zarya tsakanin ofis biyu ina neman sakamakon wani kwas da na rubuta amma bai fito ba, kowane ofis yana cewa yana ɗayan. A cikin makonnin nan uku na ga haƙuri da fushi da roƙo da alfarma iri-iri a fuskokin 'yan uwana masu irin matsalata, fiye da abin da na gani a littafi mai juzu'i huɗu.

Batun kuɗi da ciki ma haka. A 1978 ƙarin kobo 50 a kuɗin abincin ɗalibi na yini ya tayar da tarzomar da ake kira "Ali Must Go", da sunan Kanar Ahmadu Ali mai riƙe da ma'aikatar ilmi a lokacin, aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. A watan Mayu na 1986 jinin ɗalibai ya sake zuba a Samaru. Wannan tarihinmu ne, a ƙasarmu ya faru. A 2024 kuma gwamnati ta buɗe asusun ba ɗalibai rance, marar ruwa, wanda za a fara biya shekara biyu bayan gama hidimar ƙasa. Bashi hanji ne, in ji Hausawa, yana cikin kowa, amma muhawarar da ake yi a tsakar gida kafin a yarda yaro ya fara rayuwa da bashi a wuya ta isa babi guda. Chukwuemeka Ike ya rubuta Toads for Supper da Turanci tun 1965, a kan rayuwar ɗaliban jami'a, ya ƙara da The Naked Gods a 1970, a kan rikicin shugabancinta. Mu da muke da Zariya tun 1962, Sakkwato tun 1975, ga Jami'ar Bayero da ta tsaya da ƙafarta a 1977, me muke jira?

Akwai wata tambaya da ni ake yi wa ita, ba ƙanwata ba, kuma na san duk ɗan wannan ƙungiya ya sha ta: "Hausa kuma? To da can da wane harshe kake magana?" In ka ce kana nazarin nahawu da karin sauti da ma'aunin waƙa da fassara, sai a yi murmushi. In ka ce har a Jamus da Sin ana karanta ta a jami'a, sai a ce to Allah ya taimaka. Ban ga laifin masu tambayar sosai ba. A duk littattafan da na karanta, tauraro likita ne ko lauya ko injiniya. Marubucin Hausa da kansa, yana rubutu da Hausa, yana cin abinci da Hausa, bai yarda tauraronsa ya karanta Hausa ba.

Nan ne kuwa maganar ta dawo gida. Da yawa daga cikin marubutan da nake sukar nan ba su zauna a ɗakin kwanan ɗalibai ba, abin da suka ji suka rubuta. Mu ne muka zauna. Mu ne muka san ɗakin mutum huɗu da mutum takwas suke kwana a ciki, da ladubban raɓe, da yadda ake gane ƙarshen wata daga ƙamshin tukwane, da abokantakar Bahaushe da Batibi da Bayarabe a kan garin kwaki guda. Duk da haka a duba abin da muke miƙa wa editan wannan mujalla: waƙar ilmi, waƙar masoyiya, waƙar damina, sai gajeren labarin da ya faru a wani gari mai sarki da waziri. Ni ma waƙar damina na kawo bara, don haka ba na cire kaina.

Ƙanwata ta zo, yau wata biyu ke nan. Kaya kala shida ta ɗinka, uku suna cikin akwati ba a taɓa su ba. Jiya da magariba ta kira ni a waya, na ɗauka wata babbar magana ce. Ta ce, "Yaya, wai ƙarfe nawa ake sako ruwa a famfon bayan ɗakunanmu? Kuma risho ya fi ko ƙaramar tukunyar gas?" Na ce ta ajiye bokitinta a layi tun kafin asuba, batun risho kuma ta bari sai na tambayo.