Wasiƙa ga Ibraniyawa: Nazari a Kan Isnadinta da Mataninta

A zaurukan karatu na cikin birnin Kano, ɗalibin da ya kawo hadisi ba ya tsira daga tambaya biyu: wa ya ruwaito shi, kuma me ya zo gabansa da bayansa? Amma idan aka juya ga littattafan Ahlul Kitabi, sau da yawa sai a jingine wannan ƙa'ida, a tsinko jimla guda domin muƙabala. Wasiƙa ga Ibraniyawa, mai babi 13 a Sabon Alkawari, na cikin nassoshin da aka fi yi wa haka, alhali tana hannun mai karatun Hausa tun fitowar cikakkiyar fassarar Littafi Mai Tsarki a 1932.

Ta fuskar isnadi, wasiƙar ba ta ɗauke da sunan marubuci. An daɗe ana jingina ta ga Bulus, amma tun ƙarni na 3 malamin Kiristocin Iskandariyya, Orijin, ya miƙa sanin marubucinta ga Allah. Tartuliyan ya ce Barnaba ne, Martin Luta kuma ya yi hasashen Afolos. Marubucin da kansa, a babi na 2 aya ta 3, ya sanya kansa cikin waɗanda saƙon ya iso musu ta hannun waɗanda suka ji. A ma'aunin malaman hadisi wannan matsayin tabi'i ne, kuma tabi'in da ba a san sunansa ba. Sai dai jahiltar marubuci ba ta kore tsufan nassi: wasiƙar Kilimantu na Roma, wadda ake ƙiyasta rubuta ta wajen shekara ta 96 Miladiyya, ta ɗebo daga gare ta. Saboda haka shaida ce mai ƙarfi a kan aƙidar wasu Kiristocin ƙarni na farko, ko da ba ta isa hujja a kan abin da Annabi Isa (AS) ya faɗa ba.

Ta fuskar matani, marubucin yana magana ne da masu imani da suka san Attaura, waɗanda tsanani ya sa suke gab da ja da baya. Hujjarsa ita ce Almasihu ya fi mala'iku, ya fi Annabi Musa (AS), kuma shi ne babban firist wanda hadayarsa guda ta shafe bukatar yankan da zuriyar Annabi Haruna (AS) ke maimaitawa.

A nan ne kuskure biyu suke aukuwa. Na farko ya shafi nasakhi. Shaikh Rahmatullahi Alkairanawi, a cikin Izharul Haƙƙi da ya wallafa a 1864, ya kafa hujja da wannan wasiƙa cewa Kiristoci ma sun yarda shari'a tana canzawa, kuma a matsayin ilzami ga abokin jayayya hujjar ta tsaya. Amma ɗalibin da ya ɗauka nasakhin wasiƙar daidai yake da na usulul fiƙhu ya zame. A wurin malaman usul, hukuncin da aka shafe cikakke ne a zamaninsa, wa'adinsa ne ya ƙare. Wasiƙar kuwa, a babi na 7 da na 10, ta siffanta tsohon umarni da rauni, ta mai da shari'ar Musa inuwar abin da ke tafe. Musulmi ba zai iya karɓar wannan siffa ga shari'ar da Allah ya saukar wa Manzonsa ba.

Na biyu ya shafi babi na 5 aya ta 7, inda aka ambaci addu'ar Almasihu da kuka ga Mai ikon tsamo shi daga mutuwa, da cewa an amsa masa. Masu muƙabala kan kawo ta a matsayin shaidar ba a gicciye shi ba. Musulmi ya riga ya sami yaƙini a kan haka daga Suratun Nisa'i aya ta 157. Amma marubucin wasiƙar bai nufi hakan ba, domin a babi na 12 ya ambaci gicciye ƙarara, kuma dukkan gininsa a kan jinin hadaya ya tsaya. Wanda ya ɗora masa abin da bai faɗa ba ya miƙa wa abokin muhawara makami, ya kuma saɓa wa umarnin Suratul Ankabut aya ta 46 na yin jayayya da hanya mafi kyau.

Ainihin saɓani yana babi na 9 aya ta 22, inda aka ɗaura gafara a kan zubar da jini. Suratul Hajji aya ta 37 ta bayyana cewa taƙawa ce ke isa ga Allah, nama da jini ba sa isa, ƙofar tuba kuma ba ta bukatar firist. Ɗalibin da ya karanta babi 13 ɗin daga farko zuwa ƙarshe zai gane wannan gaɓa, ya tattauna da maƙwabcinsa na Sabon Gari a kan abin da suka saɓa da gaske. Allah ne mafi sani.