Shekara 86 Ana Jiran Kofi: Bitar Fim ɗin Fever Pitch

Besbol ba wasanmu ba ne. Da za ka zagaya gidajen kallon ƙwallo na Sabon Birni da Isa kana neman wanda ya san dokarsa, da wuya ka dawo da mutum guda. Tara-tara ake yi, wani ya jefo ƙwallo, wani ya make ta da kulki ya ruga da gudu. Iyakar abin da mai kallo ke bukatar sani ke nan kafin ya zauna gaban Fever Pitch, fim ɗin da 'yan'uwa biyu, Peter da Bobby Farrelly, suka ba da umarninsa, ya fito a 2005. Sauran kuwa duk wanda ya taɓa son ƙungiyar da ba ta cin kofi ya riga ya haddace shi.

Jimmy Fallon ne ya fito a matsayin Ben, malamin lissafi a birnin Boston na Amurka. Yana ɗan shekara bakwai kawunsa ya kai shi filin Fenway Park kallon Red Sox, da kawun ya rasu kuma ya bar masa gadon kujerunsa a filin. Drew Barrymore ce Lindsey, ma'aikaciyar kamfani mai neman ci gaba. Sun haɗu da hunturu, lokacin da ba a wasa, ta ga mutum mai hankali da barkwanci. Da kaka ta buɗe sai ta gane ashe gidan da take shirin shiga akwai uwargida a ciki, mai kwana 162 a shekara, domin yawan wasannin kaka ke nan, rabinsu a gida. Ta gayyace shi Paris, ya tsaya duba jadawali. Wata rana a filin ƙwallo ta same ta a ka har ta faɗi, shi kuwa hankalinsa na wurin murna da wanda ya tsinci ƙwallon.

Abin dariya ne, amma ƙarƙashinsa akwai ciwo na gaske. A lokacin labarin, rabon Red Sox da kofin World Series tun 1918. Jim kaɗan bayan nan suka sayar wa abokan gabarsu New York Yankees gwarzonsu Babe Ruth, mutanen gari suka ce tun daga ranar bakin uwa ya kama ƙungiyar. Sau huɗu suna kaiwa ƙarshe, a 1946 da 1967 da 1975 da 1986, kowane karo a wasa na bakwai, na raba gardama, ake kayar da su. A 1986 ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafun ɗan wasansu Bill Buckner, kuma wannan kaset ɗin ne abokan Ben suka iske shi yana maimaitawa shi kaɗai cikin duhu lokacin da duniya ta yi masa zafi.

Wurin da fim ɗin ya fi burge ni ba a fili yake ba, a gidan abinci ne. Yankees sun lallasa su, Ben da abokansa sun zauna jugum kamar an yi rasuwa. Sai ga Johnny Damon da Jason Varitek da Trot Nixon, 'yan wasan ƙungiyar na ainihi, a wani teburi suna cin abincinsu hankali kwance, suna hira. Abokan suka fusata: mu muna nan abinci ya ƙi shiga, su da aka ci suna tauna? Ben ya yi shiru yana kallonsu. A nan ya gane su aiki suke yi, an tashi sun tashi, shi ne ya ɗauki abin ya kai gida ya kwanta da shi. Masu fim ba su ja zancen ba, ba su sa kiɗan tausayi ba, kuma gajartar ce ta sa ya zauna a rai. Duk wanda ya taɓa ƙin tuwon dare saboda wani yaro a Landan ya zubar da fanareti zai ji an taɓa shi.

Ƙarshen labarin kuwa ba marubuta suka tsara shi ba. An rubuta shi ne a kan Red Sox za su sake faɗuwa kamar kullum. Ana cikin ɗauka, a Oktoban 2004, Yankees suka ci su uku a jere, saura ɗaya a sallame su, sai suka farfaɗo suka ci huɗu a jere, abin da ba a taɓa yi ba a tarihin gasar. Suka wuce suka share St. Louis Cardinals huɗu da nema, suka ɗauki kofin ran 27 ga Oktoba. Dole aka sake rubutu, aka garzaya da jaruman biyu cikin filin ana tsakiyar murna. Ihun da ake ji a wurin na gaske ne.

Sai dai a nan ɗin ne nake da ƙorafi. Jiran shekara 86 aka dunƙule cikin 'yan mintoci, murnar gari ta zama rakiyar soyayya. Gudun da Lindsey ta yi ta keta fili don ta hana Ben sayar da kujerun gadonsa ya fi kama da fim ɗin Indiya, kuma ita ce ta fi yin sadaukarwa, ta baro bikin ƙarin girmanta. Fallon ya iya ban dariya, amma in aka zo baƙin ciki fuskarsa ba ta ɗauka. Littafin Nick Hornby na 1992, tushen fim ɗin, ya fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Can Arsenal ce, da yaron da mahaifinsa ya fara kai shi filin Highbury a 1968 bayan aure ya mutu, don su sami abin faɗa wa juna, har zuwa daren 26 ga Mayu 1989 da Michael Thomas ya ci ƙwallo ta biyu a Anfield a mintin ƙarshe, Arsenal ta ɗauki kofi bayan shekara 18 ana jira.

Akwai abu ɗaya da fim ɗin ya fi littafin: ƙungiyar Ben a garinsu take. Ya san maƙwabtan kujerarsa shekara da shekaru, sun san lokacin da ya yi budurwa, sun san lokacin da suka ɓata. Mu nan tun da Kanu ya koma Arsenal a 1999 zukatan samari suka yi ƙaura zuwa Ingila, a biya kuɗin shiga, janareto na ruri, a yi ta musu kan garin da ba a taɓa gani ba. Kanawa sun ɗanɗani irin ta Ben lokacin da Pillars ta ci gasar ƙasa a 2008, ta sake jerawa daga 2012 zuwa 2014. A ƙasar Gobir kuwa tamu tana fagen kokawa da dambe: Kantu na Maraɗi da ya ɗauki takobin farko na gasar kokawa a Tawa a 1975, da Shago da Ɗan Anace ya waƙe. Mawaƙa sun gama da gwanaye. Mai fim ɗin da zai juya kyamara ga ɗan kallon da ya hau motar kasuwa ya bi ɗan damben garinsu har wani gari, ya dawo murya a dishe, yana da labari a hannu.

Ga mai niyyar kallo, akwai wuraren soyayya irin ta Turawa, don haka ba na zama da yara ba ne.