Rayuwar Mawaƙi a Matsayin Ma'aunin Waƙa: Misali Daga Hank Williams

Gabatarwa

Manufarmu a wannan maƙala ita ce mu duba wata al'ada da ta zama ruwan dare a wurin manazarta, wato ɗaukar waƙa tamkar tarihin wanda ya yi ta. Mun zaɓi Hank Williams, jigo a waƙoƙin karkara na Amurka waɗanda ake kira kantiri, domin da wuya a sami mawaƙin da aka fi yi wa irin wannan fassara kamarsa.

Taƙaitaccen Tarihinsa

An haife shi a Jihar Alabama cikin 1923. Tun yana yaro ya koyi kaɗa jita a hannun Rufus Payne, wani baƙar fata mai waƙa a bakin titi. A 1946 ya haɗu da Fred Rose, mai kamfanin buga waƙoƙi a Nashville, wanda ya zame masa ubangida. Ya shiga shahararren shirin rediyon nan, Grand Ole Opry, a 1949, aka kuma sallame shi a 1952 saboda shaye-shaye. A wannan shekarar ce aurensa da Audrey ya mutu. Ya rasu ranar 1 ga Janairu, 1953, a cikin mota, kan hanyarsa ta zuwa wasa a Jihar Ohio, yana da shekara 29.

Tarke

Ganin wannan rayuwa, sai masu sharhi suka ɗauka cewa kowane baiti nasa hawayensa ne. Ba mu musun cewa jigon kaɗaici da cin amana ya mamaye waƙoƙinsa. Amma akwai hujjoji uku da suke raunana wannan ra'ayi.

Na farko, waƙar da ta fito da shi fili a 1949, wato "Lovesick Blues", ba shi ya tsara ta ba; tun 1922 aka wallafa ta, kafin a haife shi. Duk da haka masu sauraro suka ji ta kamar kukansa. Na biyu, daga 1950 ya riƙa fitar da waƙoƙin wa'azi da sunan aro, Luke the Drifter, alhali shi kansa giya tana ɗawainiya da shi. Ashe ke nan ya san bambancin mawaƙi da muryar da ke magana a cikin waƙa. Na uku, Fred Rose yakan sa hannu wajen gyara baitocinsa, har ma an rubuta sunayensu tare a kan wasu waƙoƙin.

Kammalawa

A ganinmu, abin da ya ɗaukaka Williams salonsa ne: kalmomin yau da kullum, gajerun ɗangogi, da karyewar murya a inda ma'ana ta buƙata. Mutane da yawa sun sha wahalar da ya sha, ba su bar baiti ko ɗaya ba. Saboda haka muke kira ga malamai da su koya wa ɗalibai fara tarke daga matanin waƙa, su nemi tarihin mawaƙi daga baya, in ya zama dole.