KANTARA: Fim ɗin da ya mayar da filin biki kotu

Kamfani: Hombale Films
Labari da bada umarni: Rishab Shetty
'Yan wasa: Rishab Shetty, Sapthami Gowda, Kishore, Achyuth Kumar
Shekara: 2022

Mai karatu, in kai ma irina ne da ya tashi yana leƙen finafinan Indiya ta tagar maƙwabta, na san yadda ka ɗauki biki a ƙasar: a watsa hoda mai launi, jarumi ya bi jaruma da gudu a tsakiyar taro, a yi waƙar minti shida, a koma kan labari. Ko a Sholay na 1975, bikin Holi shimfiɗa ce kawai aka yi don Gabbar da yaransa su afka wa ƙauye. Cire bikin ka sa ranar kasuwa, labari zai tafi yadda yake. To a Kantara, in ka cire bikin, fim ya mutu. Abin da ya sa na ɗauko shi ke nan.

Fim ɗin ba na Bombay ba ne. Da harshen Kannada aka yi shi, a gaɓar tekun jihar Karnataka da ke kudu maso yammacin Indiya, yankin da ake kira Tulu Nadu, ƙasar shinkafa da kwakwa da ruwan sama. A ƙauyen daraktan kansa, Keradi kusa da Kundapura, aka ɗauki mafi yawansa. Kuɗin da aka kashe bai wuce rupi miliyan 160 ba, amma ya dawo da sama da biliyan 4.

Labarin ya faro ne a 1847. Wani sarki da ya rasa kwanciyar hankali ya tarar da mutanen daji suna bauta wa wani dutse na Panjurli, iskar da suke siffantawa da aladen daji. Ya roƙi dutsen, aka ba shi bisa sharaɗin ya bar wa mutanen fili iyakar inda ihun iskar ya kai. A 1970 wani daga zuriyar sarkin ya zo filin biki ya ce a mayar masa da ƙasar kakansa, ƙarshenta ya mutu yana aman jini a matakalar kotu. Sai 1990, inda Shiva (Rishab Shetty), ɗan mai rawar iskar da ya ɓace a daji, ya zama ɗan shaye-shaye mai farautar alade, yana tsakanin malamin daji Murali (Kishore) mai son shata gandun gwamnati, da ubangidansu Devendra (Achyuth Kumar) mai murmushi a fuska, wuƙa a zuci.

Bukukuwa biyu ne suka ɗauki fim ɗin. Na farko Kambala, tseren ɓaunayen da suke huɗa da su. Ana ɗaure biyu a karkiya, mutum ya riƙe igiya ya bi su da gudu cikin taɓon fadamar shinkafa. Daga Nuwamba zuwa Maris ake yin sa, gari-gari, kamar yadda dambe da kokawa ke tashi a wajenmu in kaka ta yi. Har kotu ta taɓa dakatar da shi kan zargin azabtar da dabbobi, kafin jihar ta yi dokar halasta shi a 2017, kotun ƙolin Indiya ta tabbatar a 2023. Da wannan tseren aka gabatar mana da Shiva, kuma Rishab da kansa ya shiga taɓon. Mai ɗaukar hoto Arvind Kashyap ya sauke kyamara ƙasa-ƙasa, har ka ji kamar caɓin zai fantsamo maka a riga. Amma duba wanda ke zaune a inuwa: mai gonaki. Talaka ke gudu, sunan ubangida ke tashi. Ba wanda ya faɗa maka haka da baki, hoton ne ya faɗa.

Na biyu shi ne zuciyar fim ɗin, wato Bhoota Kola. Da dare ake yi, shekara-shekara bayan ɗaukewar damina. Mai rawar yakan shafe fuska da launi, ya ɗaura bante na ganyen kwakwa, ya sa akayau a ƙafa, a yi ta kiɗa har, a imaninsu, iskar ta hau shi. Bahaushe na gani zai ce, “Ai bori ne!” Akwai kama, ban musa ba, kuma ni da kai mun san matsayin addininmu a kan irin wannan. To amma a matsayina na mai sharhin fim, abin da ya kama ni daban ne. Masu wannan rawa daga dangogin Nalike da Pambada da Parava suke fitowa, waɗanda tsarin asali na Indiya ya ajiye a can ƙasa. Mutumin da ba zai taka falon mai gonaki da rana ba, a daren nan mai gonakin ne ke tsayuwa a gabansa da ladabi, ana kawo masa ƙarar rikicin gona da na gado yana yankewa. Dare ɗaya tak a shekara.

Rishab ya fahimci wannan, ya gina rikicinsa a kai. Devendra bai fara da bindiga ba. Guruva ya nema, ɗan'uwan Shiva mai yin rawar, ya yi masa tayin cin hanci don ya faɗa da bakin iskar cewa a mayar da fili. Da yaron ya ƙi, sai ya kashe shi. Ka ga ashe alƙali ya so saya. A ganina wannan fitowar ta fi duk wani faɗa da ke cikin fim ɗin nauyi, kuma Achyuth Kumar ya taka rawar ba tare da zare ido ko dariyar mugunta irin ta bosawan da muka saba ba.

Minti ashirin na ƙarshe, inda Guliga, iska mai zafin rai, ta hau Shiva, su ne suka ba Rishab kyautar gwarzon jarumi ta ƙasa da aka sanar a 2024. Ya cancanta. Amma a nan ne kuma nake da ƙorafi. Awa biyu ana nuna mana malamin daji na hana mutane itace da farauta a ƙasar kakanninsu, sai kwatsam ya zama aboki, iskar ta haɗa hannunsa da na mutanen ƙauye a ƙirjinta, fili ya shiga gandun gwamnati, kowa na murna. Haba! An tsere wa mai gonaki an faɗa hannun hukuma, wa ya ce gobe ba za a tashe su ba? Darakta ya buɗe tambaya mai zafi, ya rufe ta da kiɗa mai daɗi.

Kiɗan ma da magana. Waƙar Varaha Roopam ta Ajaneesh Loknath ta ɗaure Panjurli da Varaha, siffar alade ta allan Hindu Vishnu. Wato an ɗauki iskar talakawan daji an shigar da ita gidan manyan malaman Hindu. Jarumi Chetan Kumar ya ce wannan al'ada ta girmi addinin da ake jingina ta da shi, maganar da ta ja masa ƙara a wajen 'yan sanda a Oktoban 2022. Fim ɗin da ke kare ƙasar talaka bai kamata ya yi sakaci da asalin abin bautarsa ba. Ga kuma wata ƙungiyar mawaƙa ta Kerala, Thaikkudam Bridge, da ta kai ƙara cewa waƙarta aka kwaikwaya.

Soyayyar Shiva da Leela (Sapthami Gowda) kuwa, gara a ce babu. Leƙen mace tana wanka da mintsininta a ƙugu ba zance ba ne, ko a wane ƙauye. Barkwancin abokansa ma ya ja tsakiyar fim ɗin ya yi tsawo.

Bayan fitowarsa, gwamnatin Karnataka ta sanar da alawus na rupi 2,000 duk wata ga masu rawar da suka haura shekara 60. Shi kuma Rishab sai da ya fito yana roƙon matasa su daina kwaikwayon ihun iskar don wasa, saboda masu abin sun fara jin zafi. A Oktoban 2025 ya saki Kantara: Chapter 1, wanda ya koma can zamanin sarakunan Kadamba, da kuɗi ninkin-ba-ninkin da aikin kwamfuta birjik. Wannan kuma sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.